Likita Da Ƙidayar Ambato: Tsokaci Daga Ɗakin Gaggawa

Wata sabuwar al'ada ta shigo jami'o'i, na gida da na waje, wadda ya kamata mu ɗalibai mu tsaya mu dube ta da idon basira tun kafin ta iso kanmu. A da, idan ana son a san matsayin malami a fagen ilimi, akan tambayi abin da ya rubuta da kuma ɗaliban da ya yaye. A yau kuwa sai a buɗe kwamfuta, a rubuta sunansa a Google Scholar ko Scopus, a karanto lambobi uku: yawan takardun da ya wallafa, da sau nawa aka ambace su, da kuma abin da ake kira lambar h. Daga nan sai a yanke hukunci, a ce wane gwani ne, wane kuwa da sauransa. A nawa ganin, lambobin nan shaida ce mai amfani, amma ba su kai a ɗora musu hukunci su kaɗai ba. Domin in nuna haka, zan ɗauki mai karatu zuwa wani fage da ya yi nisa da Nahawu da Adabi, wato fagen likitancin gaggawa da kuma gusar da hankalin majiyyaci na ɗan lokaci don a yi masa aiki mai zafi. Na zaɓi wannan fage ne saboda a can kuskuren awo yana iya zama sanadin rai, don haka aibin mudun ya fi fitowa fili.

Da farko, mene ne ambato? Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta jinga ya san shi. Idan ka kafa hujja da aikin wani, ka sa sunansa cikin manazarta, to ka ambace shi ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawara a shekarar 1955 cewa a riƙa tattara irin waɗannan ambato a wuri guda, kuma a shekarar 1964 kundinsa na ambaton takardun kimiyya ya fito. Asalin manufarsa ita ce a sauƙaƙa wa mai bincike bin sawun wani ra'ayi daga takarda zuwa takarda. Daga baya ne aka mai da abin sikelin auna mutane. A shekarar 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro lambar h. Lissafinta mai sauƙi ne. Idan aka ce lambar h ta malami 20 ce, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya daga cikinsu aƙalla sau 20. Lamba guda ce da ta haɗa yawan rubutu da yawan karɓuwa, shi ya sa kwamitocin ƙarin girma suka rungume ta hannu biyu-biyu.

To bari mu ɗauki likita guda mu ga abin da lamba ke faɗa a kansa da abin da take rufewa. Farfesa Steven Green likitan gaggawa ne a Jami'ar Loma Linda da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Duk wanda ya buɗe rubuce-rubucen da aka yi a kan amfani da allurar ketamin ga yara a ɗakin gaggawa, zai yi ta cin karo da sunansa a manazarta har ya gaji. Amma kafin a fahimci dalilin haka, sai an san halin da ake ciki kafin ya fara rubutu.

A shekarun 1980, idan aka kawo yaro ɗan shekara uku asibiti ya faɗi ya tsage a goshi, ko ya karye a hannu, hanyoyin da ke gaban likita ba su da yawa. Ko dai a danne yaron, wani lokaci ma a ɗaure shi a jikin wani allo da aka yi don haka, a yi masa ɗinki yana tsala ihu, ko a ba shi wasu haɗe-haɗen magunguna masu sa dogon barci da ba a iya sarrafa su yadda ake so, ko kuma a jira a kai shi ɗakin tiyata saboda aikin minti goma. Ketamin kuwa yana nan tun tuni. An haɗa shi a shekarar 1962 a kamfanin Parke-Davis, aka fara gwada shi ga ɗan Adam a 1964, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1970. Sai dai a asibitoci da yawa ana ɗaukarsa a matsayin kayan aikin likitocin ɗakin tiyata kawai, ba a yarda likitan gaggawa ya taɓa shi ba. Shi kansa likitancin gaggawa sai a shekarar 1979 aka amince da shi a Amurka a matsayin fanni mai cin gashin kansa, don haka masu yin sa baƙi ne a idon sauran likitoci.

A shekarar 1990 Green da abokan aikinsa suka wallafa takardu biyu a mujallar Annals of Emergency Medicine. Ta farko rahoto ce a kan yara 108 da aka yi wa allurar ketamin a ɗakin gaggawa, ta biyu kuma bitar abin da aka riga aka rubuta ne a kan maganin. Yara 108 ba su isa su gamsar da mai shakka ba, domin matsalar da ke faruwa sau ɗaya cikin ɗari biyar tana iya ɓuya a irin wannan adadi. Saboda haka a 1998 suka dawo da rahoto a kan allura 1,022. A cikinsu an samu matsalar numfashi mai wucewa a kashi 1.4 cikin ɗari, har da yara huɗu da maƙogwaronsu ya shaƙe na ɗan lokaci, kuma duk an shawo kan lamarin ba tare da an zura wa kowa bututun numfashi ba. A 2009 kuma suka tattaro bayanan yara 8,282 daga bincike 32 na asibitoci daban-daban, suka sake nazarinsu ɗaya bayan ɗaya. A tsakanin waɗannan shekaru ne shi da Dakta Baruch Krauss na asibitin yara da ke Boston suka yi bitar fannin gaba ɗaya a manyan mujallun likitanci biyu, New England Journal of Medicine a 2000 da Lancet a 2006, suka kuma fitar da ƙa'idojin amfani da ketamin a ɗakin gaggawa a 2004.

Ga inda abin ya fi burge ni. A bincikensa na 1990, Green yana haɗa ketamin da wani magani mai suna atirofin, wanda ake bayarwa don ya rage yawan miyau, saboda ana tsoron kada miyau ya shaƙe yaro. Wannan ita ce al'adar da kowa ya gada. Da aka yi babban nazarin 2009 sai aka ga yaran da aka ba irin wannan magani ba su fi sauran tsira daga matsalar numfashi ba, hasali ma an fi samun matsalar a cikinsu. Da aka zo sabunta ƙa'idojin a shekarar 2011, sai Green da abokan aikinsa suka daina ba da shawarar a riƙa haɗa shi ga kowane yaro. Haka kuma suka cire rauni a kai daga jerin dalilan da ke sa a guji ketamin, bayan an daɗe ana tsoron yana ƙara matsi a cikin ƙwaƙwalwa. Wato mutum ya yi shekara 20 yana bincike har ya kai ga rushe wani ɓangare na abin da shi da kansa ya fara koyarwa. Wannan ita ce alamar mai bincike na gaskiya, amma ina za a gan ta a cikin lambar h? Takardar 1990 tana nan da ambatonta, ta 2011 ma tana nan da nata, sai a tara su wuri guda a ce ga jimla. Lamba ba ta san cewa ta biyu ta gyara ta farko ba.

Duk da haka, a kan Green lamba da gaskiya sun yi tafiya tare. An ambace shi da yawa, kuma aikin ya canza yadda ake kula da yara a ɗakunan gaggawa. Da a ce kullum haka abin yake, da ban ɗauki alƙalami ba.

Mu dubi wata takarda a wannan fage. A shekarar 1974 wani matashin likita a Landan, Michael Ramsay, tare da abokan aikinsa, suka wallafa rahoto a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya a kan majiyyata 30 da aka sa barci da wani magani da ake sayarwa da sunan Althesin. A cikin rahoton sun kawo wani ɗan ma'auni mai matakai shida na gane zurfin barcin majiyyaci, daga wanda ke cikin firgici yana mutsu-mutsu har zuwa wanda ba ya motsi ko an taɓa shi. Maganin da aka yi rahoton dominsa an janye shi daga kasuwa a 1984 saboda mummunan borin jini da yake jawo wa wasu. Amma har yau ana ta ambaton takardar, sau dubbai, saboda ɗan ma'aunin nan. Wanda ya ga yawan ambaton bai karanta ba, zai zaci maganin ne ya yi fice. Ashe lamba takan gaya maka cewa an waiwayi takarda, amma ba ta gaya maka abin da aka je ɗauka a cikinta.

Wannan mai sauƙi ne, domin babu wanda ya cutu. Ga mai muni. Yoshitaka Fujii likitan sa barci ne a ƙasar Jafan, wanda ya yi shekaru yana fitar da takardu kamar ruwan sama a kan maganin tashin zuciya da amai bayan tiyata. Tun a shekarar 2000 wasu likitoci uku daga Jamus suka rubuta wasiƙa ga wata mujalla suna cewa alƙaluman mutumin nan sun yi kyan da ya wuce hankali, domin illolin maganin kan fito kusan daidai wa daida a kowane rukuni na majiyyata, abin da ba ya faruwa a rayuwa. Ba a ɗauki wani ƙwaƙƙwaran mataki ba, ya ci gaba da wallafawa, ana ci gaba da ambatonsa. Sai a 2012 wani likita a Ingila, John Carlisle, ya zauna ya bi gwaje-gwajensa 168 da lissafi, ya nuna cewa da wuya ƙwarai a ce alƙaluman sun fito daga majiyyata na gaske. A wannan shekara ƙungiyar likitocin sa barci ta Jafan ta binciki takardunsa 212, ta yanke cewa 172 daga ciki ƙage ne. Shekara 12 ke nan tsakanin gargaɗin farko da hukunci, kuma a duk tsawon lokacin nan lambobinsa ƙaruwa suke yi.

Haka nan Joachim Boldt na ƙasar Jamus, wanda ya shahara da rubuce-rubuce a kan wani nau'in ruwan da ake ƙara wa majiyyaci, wanda ake haɗawa daga sitaci, ana amfani da shi idan jini ya zuba ko bugunsa ya faɗi. An sallame shi daga aiki a 2010, kuma takardunsa da aka soke sun haura 180. A shekarar 2013 wasu masu bincike suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ruwan suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Da suka haɗa da na Boldt, illar ruwan ba ta fito sosai ba. Da suka cire nasa, sai ga shi a fili cewa ruwan yana da alaƙa da ƙarin mace-mace da lalacewar ƙoda ga masu matsanancin ciwo. Mai karatu ya yi tunani: gwaje-gwajen mutum guda sun isa su rufe wa duniya ido daga haɗarin da ke cikin ledar da aka rataye a kan gadon majiyyaci. A shekarun da yake tashe, duk kwamitin da ya auna shi da lamba zai ba shi kujerar gaba.

Wani abin takaici kuma, ko bayan an soke takarda, ambatonta ba ya tsayawa. Marubuta da yawa kan kwafo manazarta daga takardar wani su liƙa a tasu ba tare da sun buɗe asalin ba. Mu ma ɗalibai, tsakani da Allah, wa zai ce bai taɓa yi ba? A nan ne nake ganin malaman hadisi sun riga mu gane bakin zaren. Su ma suna ba yawan masu ruwaya muhimmanci, amma sun sa sharaɗi cewa yawan ya zama na mutanen da ba zai yiwu su haɗa baki ba, sannan suna bin kowane mai ruwaya su binciki gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Mutum ɗari da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, ai shaida ɗaya ce. Ƙidayar ambato ba ta da wannan sharaɗi. Wanda ya ambace ka don ya yabe ka, da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, da wanda bai taɓa karanta ka ba, da kai kanka idan ka ambaci kanka, duk maki ɗaya-ɗaya ne.

Na san akwai masu cewa, to idan an ajiye lamba me za a ɗauka? Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Inda babu ma'auni bayyananne, son rai da sanayya da ɓangaranci ne ke cike gurbin. Matashin malamin da ba shi da uban gida ya fi son a auna shi da abin da kowa zai iya buɗewa ya gani, a kan a bar shi a hannun mutum uku a bayan ƙofa. Don haka ban ce a jefar da lamba ba. Su ma waɗanda suka fitar da sanarwar San Francisco a kan auna bincike, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, abin da suka fi nanatawa shi ne kada a auna mutum da darajar mujallar da ya yi rubutu a cikinta, a duba abin da ya rubuta. Abin da nake kira gare shi shi ne a mai da lamba ƙofar shiga. Idan ta nuna cewa ga takardu biyar da aka fi ambata, sai a ɗauko su a karanta, a tambaya: wace matsala suka warware, wa ya sake gwada su ya samu abin da suka samu, kuma me ya canza a aikace saboda su?

Akwai kuma waɗanda lamba ba ta ganinsu sam. A shekarar 1996 Green da abokan aikinsa biyu suka aika tambayoyi ga likitocin mishan da ke aiki a ƙasashe matalauta, suna neman sanin yadda ketamin ya kasance a hannunsu. Amsoshin da suka samu sun ƙunshi allura sama da 12,000, mafi yawansu an yi su ne a wuraren da babu na'urorin sa ido irin na asibitocin Amurka, kuma munanan matsaloli ba su da yawa. Dalilin da ya sa ake dogaro da maganin a irin waɗannan wurare shi ne, galibi ba ya danne numfashi ko ya kayar da bugun jini kamar sauran magungunan sa barci, ba ya buƙatar wutar lantarki ko tukunyar iska kafin a ba da shi, ga kuma araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a iya yi sai da su tun 1985, kuma da ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar ƙasa da ƙasa a kansa a 2015 saboda masu shan sa don maye, hukumar ta ba da shawarar kada a yi, don gudun kada a bar asibitocin karkara hannu rabbana. To su waɗannan likitoci da ma'aikatan jinya da suka tara wannan sani a ƙauyukan Afirka da Asiya, ina lambar h tasu? Ilimin nasu ya shiga lissafin duniya ne ta hanyar takardar da wani ya rubuta a Kalifoniya. Ban ga laifin Green ba, ya ma kyauta da ya tambaye su. Amma mudun da ke auna mai rubutu ya bar mai aiki, dole a yi hattara da shi.

A nan ne batun ya taɓo mu ɗaliban harshe. Manyan rumbunan ƙidayar ambato sun fi ɗaukar mujallun Ingilishi. Malamin da ya yi shekaru yana rubutu da Hausa a mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Harshe da Algaita da Ɗunɗaye, ɗalibai suna kafa hujja da shi a kundayen digirinsu ɗari bisa ɗari, yana iya buɗe Scopus ya tarar da kusan babu komai a gaban sunansa. Su kansu likitocin gaggawa sun daɗe suna kokawa cewa idan aka jera lambobinsu da na masu binciken ciwon daji ko ciwon zuciya, su ne a ƙasa, saboda fanninsu ƙarami ne, masu rubutu a cikinsa ba su da yawa. Idan har haka ne tsakanin likita da likita, ina ga mai nazarin waƙar baka?

Bari in ba da misalin aikin da ke jiran ɗayanmu a wannan fage. Yaron da aka yi wa ketamin ba barci yake yi irin wanda muka sani ba. Sau da yawa idanunsa a buɗe suke, ƙwayar idon tana rawa, wani lokaci hannu ko ƙafa na motsi, alhali hankalinsa ya rabu da abin da ake yi wa jikinsa, ba ya jin zafin, kuma galibi ba zai tuna ba. Idan ya fara farfaɗowa yana iya yin amai, ko kuka, ko sambatu, ko ya ga abubuwan da babu su. Yanzu a ce ma'aikaciyar jinya ta gaya wa uwa cewa za a yi wa ɗanta "allurar barci", sannan uwar ta leƙa ta ga ido a buɗe ana ɗinke masa goshi. Me za ta ɗauka? Ko dai ta ce allurar ba ta kama shi ba ana azabtar da shi, ko kuma idan ya fara sambatu ta ce iska ce ta taɓa shi. "Allurar kashe zafi" ma ba ta wadatar ba, domin da ita muke kiran wadda ake yi a gefen rauni ko a dasashi mutum yana zaune da hankalinsa. Ƙa'idojin 2011 sun tanadi a yi wa iyaye bayanin abin da za su gani kafin a fara, amma da Ingilishi aka rubuta su, don iyayen da ke jin Ingilishi.

Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri zai iya neman izini ya zauna da ma'aikatan ɗakin gaggawa ko na ɗakin tiyata a garin da ake jin Hausa, ya rubuta ainihin kalmomin da suke faɗa wa iyaye kafin allura, sannan ya bi iyayen ya tambaye su abin da suka fahimta da abin da ya ba su tsoro. Daga nan sai ya tsara jimloli biyar ko shida da Hausar da kowa ke ji, ya kai wa likita ya duba ingancinsu, a gwada su a ga ko uwa ta fi samun natsuwa. Da wuya a ambaci irin wannan kundi ko sau biyar a Google Scholar, amma jimlolin za su shiga rabin takarda, a liƙa a bango kusa da gadon da ake ɗinki.